Kofin da Na Fizge a Hannun Lisiate

Na fizge kofin daga hannun Lisiate tun kafin ya kai shi baki, har ruwan kankana da kwakwar ya fantsama a farar rigarsa, ya gangara kan tabarmar ado da ya ɗaura a ƙugu bisa al'adarmu. Duk zauren cocin aka juyo ana kallonmu. Matar fasto tana tsaye da ludayi a hannu, baki sake.

"Seini, lafiyarki kuwa?" in ji ta.

"Ni lafiyata ƙalau. Shi ne ba shi da lafiya. Ƙodarsa ta daina aiki tun yana asibiti, ku kuwa kuna ta ɗura masa abin da zai kashe shi!"

Haka na faɗa, da wannan muryar tawa da ba ta buƙatar lasifika, a gaban duk wani ɗan ƙasarmu Tonga da ke zaman ci-rani a unguwarmu a garin Logan.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Lisiate. Aikinsa yankan dutsen teburin kicin, ƙurar dutsen ce ta cinye masa huhu a hankali. Mutumin da fitonsa ke tashina da safe ya koma ba ya iya kaiwa bakin ƙofa sai yana jan tukunyar iska. Da aka kira shi aka ce an samu huhu, coci ta kwana biyu tana addu'a. Aka yi dashen, huhun ya zauna daram. Sai dai a kwanakin farko bayan aikin ƙodarsa ta tsaya. Likitoci suka ce takan farfaɗo wa wasu. Tasa ba ta farfaɗo ba.

Coci ba ta ji wannan rabin labarin ba. Ranar da ya dawo gida aka gasa aladu, aka shimfiɗa tabarmi tun daga titi, fasto ya ɗaga hannunsa sama ya ce, "Ga mutumin da Ubangiji ya warkar tas!" Lisiate ya miƙe ya rera waƙar yabo shi kaɗai, baiti bayan baiti ba tare da ya tsaya haki ba, mata na ta share hawaye. To bayan wannan, da wane baki zai ce da saura?

Ni na sani ne don matarsa Nanise tana aikin safe a gidan kula da tsofaffi, ni nake kai shi wankin ƙoda a motata. Mutane kuwa ce musu yake za shi a duba huhu. A gabana ma'aikaciyar jinya ta yi masa kashedi: ruwan da zai sha a yini kada ya wuce 'yar ƙaramar gora, ban da kwakwa, ban da ayaba, ban da naman gwangwani; in ƙishi ya dame shi, ya tsotsi ƙanƙara. Duk ruwan da ya yi yawa, ta ce, a sabon huhun zai taru.

"Ta lissafa duk abincinmu kaf," ya ce da ni a mota. "Ita me take so in ci, takarda?"

"Gaya wa mutane kawai, Lisiate."

"In ce musu me? In mayar musu da aladunsu?"

"Kai dai wallahi taurin kanka ya fi dutsen da kake yanka."

Ya yi dariya, sannan ya juya yana kallon taga. "Wani ya mutu aka ba ni numfashinsa, Seini. Iyayensa suna can suna cewa ɗansu ya ceci wani. Ga ni, an ba ni kyauta na kasa riƙewa. Don Allah ki bar maganar nan a cikin motar nan."

Na yi masa alkawari. Amma a wurinmu ba a zuwa gaida mara lafiya hannu rabbana, kuma ba a mayar wa mai kawowa hannunsa. Kowace Lahadi tukwane ne ke shiga gidansa, ganyen gwaza da nama da madarar kwakwa, mai kawowa kuma sai ya zauna ya ga an ci. Lisiate ya ci, ya sha, ya yi godiya. Ranar wanki in ga ƙafarsa ta kumbura har takalmi ba ya shiga. Ranar bikin coci da na ga matar fasto ta cika masa kofi karo na biyu, bakina ya riga hankalina.

Lisiate ya dubi rigarsa, ya dubi jama'a. Ban taɓa ganin fuskar babban mutum ta yi haka ba, kamar yaron da aka tuɓe a bainar jama'a. Sai ya ƙaƙalo murmushi.

"Ku rabu da Seini, zafin rana ne ya taɓa ta," ya ce. Ya miƙa wa matar fasto wani kofin. "Zuba min."

Ta zuba. Ya shanye a tsaye har ɗigon ƙarshe, ya ajiye kofin a hankali, ya fita. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ban hango ba shi ne abin da ya biyo baya. Kunya ta kama coci gaba ɗaya. Kowace mace ta tuna tukunyar da ta kai. Aka daina kai abinci, kuma da yake ba wanda ya san yadda ake shiga gidan mara lafiya ba tukunya, aka daina zuwa. Ba ƙiyayya ba ce. Sai ka ga mota ta rage gudu a ƙofar gidan, ta ɗan yi jim, ta wuce. Gidan da ake rasa wurin ajiye takalmi ya koma sai shi da talabijin. Ya daina zuwa coci. Ya daina shiga motata, motar asibiti ke zuwa ɗaukarsa. Fiton safiya ma ya ɗauke, duk da yana da huhun yi.

Na haɗu da Nanise wajen shanya. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni.

"Gaskiya kika faɗa," ta ce tana matse tawul. "Kumburin ma ya ragu. Amma ya daina cin komai, Seini. Ya ce abincin da ba wanda ya kawo ba shi da ɗanɗano."

Jikinsa ya yi ta zubewa. Da sanyi ya shigo ƙwayar cuta ta kama shi, magungunan da ke hana jikinsa ƙin huhun sun riga sun karya masa garkuwa, ƙodar da za ta taimaka kuma babu. Ya yi jinya a asibiti, daga baya ya ce a daina wankin, a mai da shi gida.

Na yi ta zagaye a kicin ina neman abin da zan riƙa. A ƙarshe na fasa ƙanƙara na zuba a kwanon da nake fitar wa baƙi, na rufe da farin ƙyalle kamar abincin kirki, na zagaya katanga da hantsi.

Yana kwance a falo kusa da taga. Ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi kwanon.

"Lasifikar coci ta iso," ya ce. "Me kika dafa?"

"Abin da ba zai ƙone ba."

Na ɗaga ƙyallen. Ya yi dariya har da tari.

"Rowa dai, Seini. Duk Logan ba wanda ya taɓa kawo min ruwa a matsayin girki."

"Lisiate, na ci amanarka. Kunyarka nake ji, shi ya hana ni zuwa."

"Ni ma taku nake ji. Kowa na jin kunyar kowa, ga gida ba kowa." Ya lumshe ido. "To mai kawowa ai zama yake ya ga an ci. Zauna."

Na zauna. Na sa masa ƙwaya ɗaya a baki, ya tsotsa a hankali, ya yi godiya cikakkiya irin wadda ake yi wa wanda ya kawo alade sukutum. Can ya ja numfashi mai tsawo, ƙirjinsa ya ɗaga sosai.

"Ji fa," ya ce. "Lafiyarsa ƙalau. Yaron nan ya ba ni abu mai kyau."

Ya cika da yammacin washegari, Nanise na riƙe da hannunsa.

Kafin rana ta faɗi titinmu ya cika. Baƙaƙen kaya, manyan tabarmin makoki a ƙugu, ana ta waƙa a ƙarƙashin rumfa. Tukwane suka dawo, har aka rasa wurin ajiyewa aka jera wasu a kan katangata. Matar fasto ta wuce ni da tulun ruwan kankana, muka haɗa ido, kowa ya sunkuyar da kai.

Na shiga falon in ɗauko kwanona. Yana nan a bakin taga inda na bar shi, ƙyallen a ninke a gefe. Ƙanƙarar ta narke, ruwan ya kai rabin kwano, ba wanda ya zubar.