Atishawar Matar Mai Niƙa

Shekara uku matar mai niƙa tana kumbura, dangi suna yaba wa mijin da iya ciyarwa. Fuska ta zama faranti, tozo ya fito a bayan wuya, ƙafafu kuwa sai ƙara sirancewa suke yi. Ya karɓi yabon, bai yi musu ba.

Likita ce ta ƙwace masa shi. Ta ce wani ƙari ne da bai kai ƙwayar wake ba, ya tsiro a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, yana sa jiki zuba sinadarin kotisol mai kumbura mutum ba ƙaƙƙautawa. Ta hanci aka shiga aka ciro shi, aka liƙe wurin. Sai sharaɗi: mako huɗu ba fyace majina, ba sunkuyo, a guji atishawa. In ta zo dole, a yi ta baki buɗe, kada liƙin ya ɓalle ruwan ƙwaƙwalwa ya biyo hanci.

Mai niƙa kuwa barkono yake niƙawa, shekara ashirin. Ko akuya ta gifta shi sai ta yi atishawa.

Ya aske gemu, inda barkonon ya fi samun masauki. Tufafin aiki ya bar su a shago, wanka biyu a gidan ƙaninsa, gaisuwa ta taga. Kwana tara ba a ji ko tari ba.

Rana ta goma yayar matar ta zo dubiya, ta shinshina ɗakin, ta ce warin asibiti yake yi. Ta ciro turare daga jaka ta fesa sau huɗu.

Ta taga mai niƙa ya ga hancin matarsa ya motsa. Ya ga ta ɗaga hannu za ta toshe baki da hanci, don ita mace ce mai tarbiyya. Ya faɗo ɗakin da takalmi ɗaya.

"Buɗe baki, Maman yara!"

Ta buɗe. Gaba ɗaya atishawar a fuskarsa ta sauka.

Bai goge ba. Ya durƙusa da farin hankici, ido a ƙofofin hancinta, yana jiran ɗigo. Yayar ta ɗauki jakarta ta sulale. Minti arba'in, ba abin da ya ɗigo.

"Baban yara," ta ce, "rabon da ka kalli fuskata haka tun kafin ka sayi injin nan."

Ya ce ta yi shiru, magana tana girgiza hanci. Likita dai ba ta faɗi haka ba.