Shawara ta Goma Sha Takwas

Kunhali tela ya shekara ashirin da huɗu a Dubai yana ɗinka wa mutane farar jallabiya a wani ɗan shago cikin unguwar Dera. Duk tsawon wannan lokaci matarsa Nabisa tana can Ponnani, garinsu na bakin teku a Kerala. Wata ɗaya yake yi a gida kowace shekara. Sauran watannin kuwa a waya ake zaman auren, a nan ake faɗa, a nan ake shiryawa. To bana 'yarsu ta tare a gidan mijinta, ɗansu ya samu aiki a wani gari, shi kuma Allah ya yi ya kama ɗaki da falo nasa na kansa a hawa na biyar, takardun da za su ba matarsa damar zama da shi suka fito.

Sai dai Nabisa ba matar da ake ja da igiya ba ce.

"Kwana talatin, Ikka," in ji ta, don haka matan garinsu ke kiran miji. "In garin naku ya karɓe ni, na zauna. In bai karɓe ni ba, ga awakina, ga rijiyata."

Sai da ta sa ya yankar mata tikitin dawowa na uku ga Satumba sannan ta yarda ta ɗaure akwati. Tun daga ranar Kunhali bai da wani buri a duniya sai na ganin wannan tikiti ya mutu a cikin jaka.

Ya samu takardar nan ruwan ƙasa da suke yanka samfurin riga, ya zauna ya rubuta mata shawarwari har goma sha bakwai. Ta zo da rigar sanyi. Kada ta fita tsakanin sha ɗayan rana da la'asar. Ta riƙa shan ruwa ko ba ta jin ƙishi. Takalmi mai kaurin ƙasa, don kwalta tana cin silifas. Kada ta tsallaka titi sai inda aka yi zane. A jirgin ƙasa akwai taragon mata, kuma ba a cin komai a ciki, ko cingam. Ta cire tabarau kafin ta fito daga wuri mai sanyi. Ya aika mata hoton takardar, ya bi da saƙon murya, sannan ya karanta wa Gul Zaman, mai gugar shagon, wani mutumin Peshawar mai gashin baki kamar tsintsiya da baki kamar reza.

"Yaushe za ta iso?" in ji Gul Zaman.

"Huɗu ga Agusta."

Gul Zaman ya ajiye dutsen guga a hankali, ya kira shi da sunan da ake kiran mutanen Kerala. "Malabari, gyaran aure kake nema, ko saki kake so kana jin kunyar furtawa? Agusta? Ai ko raƙumi a Agusta hutu yake nema."

"Lala, yi gugarka," in ji Kunhali, don haka yake kiransa.

"Zan yi. Amma ka ƙara mata ta sha takwas: ta zo da gishiri da yaji, tunda gashi za ka yi da ita."

Gaskiyar Gul Zaman. Duk wanda ya yi shekara guda a garin nan ya san baƙo daga Nuwamba zuwa Maris ake gayyatarsa, lokacin da iskar teku ke kaɗawa, mutane na shimfiɗa tabarma a bakin ruwa. Wannan ita ce uwar shawarwari, kuma Kunhali ya fi kowa saninta. Bai rubuta ta ba, kuma ba mantawa ya yi ba.

Jirginta ya sauka da hantsi. Ta fito da akwati ɗaya da kwalin kayan yaji, suka gaisa a tsaitsaye kamar waɗanda suka haɗu a gidan biki, don kunya ba ta tsufa. Ƙofar filin jirgi ta buɗe da kanta, suka taka waje, iskar Agusta mai gumi ta rufe su kamar an buɗe tukunyar dambu. Nabisa ta tsaya cak, ta miƙa hannu tana lalube.

"Ikka, na makance."

Tururi ne ya rufe mata tabarau fari fat. Kunhali ya yi dariya har da riƙe ciki. "Shawara ta bakwai ke nan. Dama an ce baƙo ko da ido makaho ne."

Ta cire, ta goge da bakin mayafi, ta mayar, ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "Furfura ta cinye ka. Ashe gara da ban gani ba."

Ya ji daɗin wannan zagi fiye da duk yabon da aka taɓa yi wa ɗinkinsa.

A gida ya nuna mata rabin sif ɗin da ya kwashe mata, ya goge, har ya shimfiɗa takarda. Ta leƙa, ta ce ya yi kyau. Sannan ta ajiye akwatinta a bakin gado, ta zaro kaya kala ɗaya, ta mayar da zif ta rufe.

Washegari ana kiran azahar wayarsa ta yi ƙara a shago. Muryar Nabisa ce, a kwance sarai, irin kwanciyar da ya sani ba ta alheri ba ce.

"Wane laifi na yi maka da za ka sa mini tafasasshen ruwa a famfon sanyi?"

Kunhali ya dafe kai. Ya bar hannun riga a ƙarƙashin allura, ya fita a guje cikin ranar da shi da kansa ya rubuta kada a fita.

Ga yadda abin yake. Tankin ruwa a saman bene yake, rana na dukansa tun safe. Famfo mai shuɗin kai daga can yake sha kai tsaye, don haka a bazara ruwansa na iya dafa ƙwai. Mai jan kai kuwa ta cikin hita yake biyowa, ita kuma hitar a cikin gida take, a inuwa. Sai kowa ya kashe hitarsa tun watan Mayu, ruwan ya kwanta a cikinta ya huce. Mai neman sanyi ja yake murɗawa. Hannun Kunhali ya shekara ashirin da huɗu yana yin haka da kansa, har kai ya manta cewa abu ne da ake koya wa mutum.

Ya iso sharkaf da gumi, ya tarar da matarsa a falo, hannunta cikin kwanon ruwa, ga wata mata a gefenta suna shan shayi. Lilamma ce ta ƙofar kusa, tsohuwar nas, Kirista, ita ma 'yar Kerala. Ihun Nabisa ne ya fito da ita.

"Hannun ja kawai ya yi, bai tashi ba," in ji Lilamma. "Amma tela, ka ba ni mamaki. Shawara goma sha bakwai, har da ta cingam, ka bar wadda ake fara gaya wa yaro."

Nabisa ta dube shi ta saman tabarau. "Wato a garin nan ja ne sanyi, shuɗi ne wuta."

"A bazara kawai."

"Gari ne kuwa," ta ce, ta kurɓi shayinta.

Ya koma shago. Rana ta biyu kacal, ya ƙona mata hannu, matar da ta baro rijiyar da ruwanta ke sa haƙori tsami.

Daga nan ya ɗaura ɗamarar gyara ɓarna. Ran Lahadi, ranar hutunsa, ya kai ta babbar kasuwar zamani, inda sanyin na'ura ya sa ta zaro rigar sanyin da ta rantse ba za ta sa ba, tana karkarwa tana cewa bai faɗi ƙarya ba. Ya kai ta gindin dogon benen nan da kowa ke ɗaukar hoto. Ta ɗaga kai har mayafinta ya zame, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wa yake share shi?"

Kullum da safe Gul Zaman sai ya tare shi. "Saura kwana nawa amarya ta gudu?"

Amma akwai abin da ke faruwa a bayan idonsa. Wata rana ya dawo cin abincin rana, tun daga lifta ya jiyo ƙamshin miyar kifi da kwakwa. Ashe bayan asuba, kafin rana ta buɗe ido, Nabisa da Lilamma sun shiga mota sun tafi kasuwar kifi. Can ta gano wani mai kifi ɗan Ponnani, ta zayyana masa sunan uwarsa da na kakarsa, bawan Allah ya rasa yadda zai yi, ya zaɓo mata kifin ƙwarai da ya ɓoye a ƙasan tebur. Kafin mako biyu ta san kowa a hawa na biyar, mutanen da Kunhali ya yi wata bakwai yana ɗaga wa hannu kawai. Ta koyi shiga taragon mata. Ta dasa ganyen miya a gwangwani a bakin taga, rana ta kashe shi, ta sake dasawa a inuwa. Kunhali ya yi ƙiba har sai da ya ƙara wa wandonsa inci guda. Yana shigowa ya ji motsin mutum a gida, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare, farin ciki ya cika shi har wuya.

Akwatin nan dai yana nan a bakin gado da zif a rufe. Ya daina buɗe rabin sif ɗin ma, don ganinsa wayam yana tsinka masa zuciya.

Saura kwana uku ranar tafiyarta, ya baro shago da la'asar sakaliya, ya ce ta zo su tsallaka ruwa. Suka shiga abra, kwalekwalen katakon da ke kai mutane ɗaya gaɓar. Rana ta yi ja tana shirin faɗawa, ana loda wa manyan jiragen katako firji da tayoyi, iska ta ɗan motsa. Nabisa ta zauna tana kallon ruwan, ta buɗe jaka ta zaro takardar nan ruwan ƙasa, wadda ta ɓanɓaro daga ƙofar firji inda ya manna ta, duk ta yi laushi don ninki.

"Yaya Lilamma ta ce akwai shawarar da ta fi duk waɗannan. Ta ce ba a zuwa garin nan a Agusta. Mai kifi ma ya faɗa. Har direban mota ya tausaya mini." Ta juyo. "Ka sani ko ba ka sani ba?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunhali ya dubi tafin hannunsa.

"Na sani."

"To?"

"Takardun a Yuli suka fito. Na ƙirga zuwa Nuwamba, wata huɗu. Na yi haƙurin shekara ashirin da huɗu, Nabisa, ban taɓa yi miki ƙorafi ba. Amma wata huɗun nan, wallahi na kasa."

Abra ta doshi gaɓa. Can Nabisa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kafaɗunta na rawa. Bai san ko dariya ce ko kuka ba, ƙila duka biyun.

"Tsoho da kai," ta ce.

Wannan ba amsa ba ce, shi ma ya sani. Suka dawo gida bai iya ƙara tambaya ba.

Sun shigo ana shirin kiran magariba. Ta shiga banɗaki za ta yi alwala, sai ya ji ta ƙwala masa kira. Ya taho da sauri, a zatonsa ta sake ƙonewa. Ya same ta tsaye gaban famfon, hannu a ƙugu.

"Lokacin sanyi fa, yaya ake yi?"

"Sai a kunna hita. Ja ya koma zafi, shuɗi ya koma sanyi, kamar ko'ina a duniya."

"Yaushe ke nan?"

"Wajen Disamba."

Ta zare biron da ke aljihun rigarsa, ta dafa takardar a bango, ta yi rubutu a ƙasan ta goma sha bakwai. Ta sa ya kawo salatif, ta manna ta saman famfon. Ya matso ya karanta: Sha takwas. A bazara ja ne sanyi. Disamba a juya.

"In Disamba ta zo ka tuna mini," ta ce, tana naɗe hannun riga. "Kada ka sake ƙona ni."

Kunhali ya tsaya baki buɗe. "Nabisa, tikitinki uku ga Satumba ne."

"Na iya ƙirge. Awaki na bar wa ƙanwata, dama ta daɗe da sa musu ido. Matsa ka ba ni wuri, lokaci na tafiya. Kuma akwatin can ya tare mini hanya, ka ɗora shi saman sif."

Ya nufi ɗaki kamar mai tafiya a mafarki. Ya gyara tsayuwa, ya yi bismilla, ya tattara duk ƙarfinsa ya sungumi akwatin, sai ga shi ya yi baya taga-taga ya zauna daɓas a kan gado. Babu komai a ciki.

"Tun safe na juye," ta ce daga banɗaki. "So nake kawai in ji dalilin kirana a Agusta daga bakinka."

Yana nan zaune rungume da akwati, yana dariya hawaye na bin gashin bakinsa, ya ji ta murɗa jan famfo.