Daidai Bakin Salansa

Tun ranar da likita ta ce asma ce ke damun jikarsa, Tsohon Direba ya ajiye motarsa, ya lulluɓe ta da tamfol. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa bas, wai yau shi ke wa'azi a kan hayaƙi! Duk wanda ya bar injinsa a kunne a ƙofar gidan sai ya sha faɗa.

"Na zuba wa iskar garin nan abin da ya ishe ta," in ji shi. "Ba zan ƙara ba."

Sai ya koma kai yarinyar makaranta da ƙafa. Aku yake kiranta, don bakinta ba ya hutawa. Kullum da safe ta babban titi suke bi, saboda nan ne ya fi kusa, kuma shi kaɗai ne da gefen masu tafiya a ƙasa. Yana riƙe da jakarta, ita tana riƙe da yatsansa, tana tsokanarsa wai tafiyarsa irin ta agwagwa ce. Bai taɓa jin daɗin safiya kamar haka ba.

Amma tarin bai ragu ba, sai ma abin da ya yi gaba. Surutun Aku ya fara yankewa a tsakiyar magana. Ran nan a ƙofar aji numfashinta ya sarƙe, aka kwashe ta sai asibiti.

Likita ta tambayi ta inda suke bi. Da ya faɗa, sai ta sauke tafin hannunta daidai ƙugunsa.

"Baba, kai hancinka yana sama. Nata a nan yake, kusa da bakin salansa. Ga shi lokacin cunkoso kuke wucewa."

Wayyo, bawan Allah! Ashe shi da hannunsa yake kai ta tana shaƙar hayaƙin.

Da suka dawo gida, 'yarsa, uwar yarinyar, ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga, da ya fi masa sauƙi.

"Baba, don Allah ka fito da motar. Ka rufe gilashi ka kai ta."

Washegari ya yaye tamfol ɗin. Sai da aka tura kafin ta tashi, ta yi aman baƙin hayaƙi. Suka shiga cunkoso, gilashi a rufe, Aku na baya rungume da abin shaƙarta.

A madubi ya hango wata mata tana ratsawa ta bayan motarsa, tana jan ɗanta, wanda bai ma kai Aku tsayi ba. Da sauri ya kashe injin. Nan take na baya suka dame shi da oda.

"Kaka, an ba mu hannu fa," in ji Aku, muryarta ƙasa-ƙasa. "Zan makara."

Yaron bai gama wucewa ba. Tsoho ya share ido da bayan hannu, ya murɗa makulli.