Agogon Likita a Teburin Ersilia

Wata bakwai ke nan Osvaldo yana zuwa kasuwar tsofaffin kaya ta Arezzo a Italiya yana kushe agogo guda. Shekararsa sittin da takwas, matarsa ta daɗe da rasuwa, kuma a gida yana da tsofaffin agoguna masu maɓallin awon lokaci har ashirin da uku. Wannan kam ya ƙi saya. In ya saya, da wane dalili zai sake tsayawa gaban Ersilia mai teburin? Son matar yake yi kamar ya yi hauka, bakin faɗa ne babu.

Agogon na likitocin da ne. Ka danna maɓalli, ka ƙirga bugun jijiya talatin, ka sake dannawa, allura ta nuna maka gudun zuciya a minti.

Ran nan ya iso gashin baki ya sha mai, ya manna gilashin duba agogo a ido.

"An sake wa fuskar agogon nan fenti," ya ce.

"Wancan watan cewa ka yi maɓallin ne ke cijewa," in ji Ersilia. "Sinyor Osvaldo, wani daga Milan zai zo ɗauka da ƙarfe biyu."

Osvaldo ya yi farat ya ce, "Ai ba ya awo daidai!"

"Haka ne? Nello, zo nan."

Nello mai sayar da tsofaffin fitilu ya taso yana tauna burodi. Ta kama hannunsa, ta danna, ta ƙirga. Saba'in cif.

"Saura kai," ta ce da Osvaldo. "Miƙo."

Yatsunta suka sauka a wuyan hannunsa. Osvaldo ya ƙura wa hasumiyar coci ido, ya shiga tunanin ciwon gwiwarsa ko zuciyar za ta lafa. Ina!

"Ɗari da ashirin da huɗu," ta ce da ƙarfi.

Nello ya kwashe da dariya har ya ƙware. "Motar asibiti za a kira, ko limamin coci?"

"Kin gani ko?" in ji Osvaldo, kunnuwa jajur. "Na ce miki ya lalace."

Ersilia ta damƙa masa agogon, ta naɗe hannun rigarta. "To masani, gwada a nan."

Sau biyu ƙirgar tana ɓace masa. A na uku ya danna, ya duba. Ɗari da sha takwas.

"Ya dai?" ta ce, tana kallon gefe.

Osvaldo bai saki hannun ba.

"Bari in sake gwadawa," ya ce.