Sanda Ba Ta Riƙe Wando

Son sanin ƙwaƙwaf ne ya kai ni, ba komai ba. Ina shekara ta biyu a jami'a a nan birnin Cali na ƙasar Kolombiya, na biyo ta bayan ɗakin motsa jiki sai na hango wata yarinya maƙale a jikin sandar ƙarfe, kai a ƙasa, ƙafafu a sama, hannuwanta duka biyu a sake. Na tsaya ina neman igiyar da ta riƙe ta, ban gani ba. Abin ya tsaya min a rai har sai da na je na ba da sunana a ajin koyon hawan sandar.

Mako uku ina zuwa da dogon wando. Kowa na hawa, ni kuwa da na ɗafe sai in sulalo ƙasa kamar an shafe sandar da sabulu. Na zargi hannuna, na zargi gumi, har abincin da nake ci da rana sai da na ɗora masa laifi.

Profe Zoraida, mai koya mana, ta gaji da kallona ta ja ni gefe.

"Nayibe, 'yar nan, kin san abin da ke riƙe mutum a sama?"

"Ƙarfi mana, Profe."

"Fata ce. Sanda ba ruwanta da yadi. Ran Alhamis ki zo da gajeren wando, kuma kar ki kuskura ki shafa mai."

Ina shekara tara kaskon suyar mahaifiyata ya kife min a cinyar hagu, wurin ya warke a tattare tun daga gwiwa har sama. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya gan shi sai likita. Duk zafin Cali, ko wurin ninƙaya ba na zuwa. Na so in daina zuwa ajin, amma ina son jin yadda fata kawai za ta ɗauki mutum guda.

Ran Alhamis na yi minti ashirin a banɗaki kafin in fito. Kunya kamar ta kashe ni. Leidy, wata 'yar ajinmu wadda bakinta ba ya shiru, ta dubi cinyar sosai.

"Mai ne ko ruwan zafi?"

"Mai."

"Sannu. To matsa, ni ce a gabanki a layi."

Iyakar abin da aka ce ke nan. Har haushi na ɗan ji, saboda na kwana biyu ina shirya amsoshi.

Ranar aka koya mana zama a sama: ki matse sandar tsakanin cinyoyi, ki harɗe ƙafa, ki saki hannu. Duk wadda ta gwada sai ta diro tana yarfe hannu, don fatar wurin ji take kamar ana ɗaye ta. Da na hau, na matse, na saki. Ban zame ba. Cinyar dama tana raɗaɗi, ta hagu kuwa shiru, don tabon ba ya jin zafi sosai. Na zauna har Profe ta gama ƙirga talatin.

Leidy ta ɗaga kai ta ce, "Wannan ai maguɗi ne, Profe. Ke Nayibe, ara min cinyar nan mako ɗaya."

Na yi dariya daga can sama har na kusa faɗowa.

Sai da na isa tashar bas na ji iska na taɓa min ƙafa, sannan na tuna dogon wandona yana cikin jaka. Akwai banɗaki a tsallaken titi. Na dube shi, na dubi motar da ke tahowa cike da mutane, na ɗaga mata hannu.