Zanen Zumuntar Mama

Da aka ce in rubuta wasan kwaikwayo na bikin zumuntar mata a cocinmu na Farin Gada, ban wahalar da kaina ba. Na ɗauki rigimarmu da yayata Roseline na canza sunaye. Shekara huɗu ba ma magana, tun makon da aka binne Mama, kuma a wasan na wanke ƙanwar tas, na bar wa yayar baƙin hali.

Malam Hezekiya, mai koya mana wasan, ya karanta ya ce wannan ƙanwar ai mala'ika ce, ba wanda zai yarda an yi faɗa da ita. Na ji haushi ƙwarai, don gaskiya ya faɗa. A gidanmu babbar 'ya ce ke buɗe akwatin mamaciya a gaban dangi, ta raba kayan. Ni kuwa kwana biyu da jana'iza na lallaɓa na buɗe akwatin na zare zanen zumuntar Mama, wanda ta yi shekara ashirin tana zuwa coci da shi. Roseline ta gane, ta kira ni ɓarauniya a gaban surukaina, na ce ban san zancen ba.

Sai na ƙara satar a cikin wasan, har da wurin da ƙanwar ta durƙusa ta amsa laifinta. Na kuma yi wautar ba Ulonma, mai fitowa a matsayin uwar, ainihin zanen ta ɗaura. A lissafina Roseline tana can unguwarsu ta Rayfield, me zai kawo ta?

Ashe ƙungiyar matan cocinsu na cikin waɗanda aka gayyata. Ana buɗe labule na hango ta a benci na uku. Na san idan ta tashi ta fita, to mun rabu ke nan har kabari, ga shi ni na tona asirin kaina da hannuna. Ban ji ko kalma ɗaya ta wasan ba, ƙofa kawai nake kallo.

Ba ta fita ba. Da aka gama tafi, ta zagayo bayan labule, ta wuce ni, ta tsaya gaban Ulonma. Ta kwance zanen ta sake ɗaura mata, ta ce Mama ba ta taɓa barin bakin zane ya ja ƙasa ba. Sannan ta juyo.

"Klaudiya, kin rage maganata. Abin da na faɗa miki ranar ya fi wannan muni."

"Ni na ɗauka, Yaya," na ce.

"Na sani tun ranar."

Ta ce in wanke zanen, kada in sa masa bilic, in kawo ranar Asabar. Na tambaye ta ko wa za ta ba, tunda an daɗe da raba kaya. Da na ga ba harara a idonta, sai na zauna a kan gangar Malam Hezekiya ban sani ba.

"Wa ya raba?" ta ce. "Akwatin yana nan yadda kika rufe shi. Ba zan buɗe ba sai kina wurin."