Sauran Ashirin Ɗin

Kwana uku Ridwan ya yi yana bitar gaisuwa, kamar wanda zai shiga jarrabawa. A shagonsa na Kwanar Dangora, inda yake gyaran waya yana kuma haɗa wa mutane sola, sai ka gan shi da wayar wani a buɗe a hannu, bakinsa na motsi shi kaɗai. Ranar Talata zai je Dangora ya gaida Malam Jibrin, mahaifin Ramla, karon farko. Malam ne zai ce ya ci gaba da zuwa ko ya dakata, kuma kowa ya san Malam ba ya maimaita magana.

Ramla malamar kimiyya ce a wata firamare a Ƙafin Maiyaki. Bara ta shigo shagon da wayarta da ta faɗa randa, shi kuma cikin ƙwarewa ya ce ta binne ta a kwanon ɗanyar shinkafa ta kwana biyu. Ta dube shi ta gefen mayafi ta ce, "Injiniya, shinkafa ba ta fi iska busar da waya ba. Asarar tuwo kawai za a yi." Tun ranar zuciyarsa ta faɗa tata randar, har yau ba a tsamo ta ba. Ya karanta littattafan soyayya sun kai buhu guda, amma babu wanda ya gaya masa cewa daga gyaran kuskure abin yake farawa.

Ranar Litinin da hantsi Baffa Mudi, ƙanin mahaifinsa wanda zai raka shi, ya zauna a bencin ƙofar shago yana jera masa dokoki. Kusa da shi Musbahu ne, abokin Ridwan, mai ɗaukar bidiyon barkwanci da waya, wanda rabin masu kallonsa 'yan gidansu ne.

"Takalmi tun daga bakin zaure," in ji Baffa. "Ka durƙusa, idonka a tabarma. Duk abin da aka tambaye ka, amsa gajera."

"To, Baffa."

Baffa ya ɗaga kai ya dubi sama. Kwana shida ke nan ba a ga ɗigon ruwa ba a tsakiyar damina. Ya nuna dogon ƙarfen sabis ɗin waya da ke bayan tasha da leɓe. "Wancan ne yake korar mana hadari. Tun da aka kafa shi damina ta koma zuwa da ƙafa ɗaya."

"Baffa, to Kano fa?" in ji Musbahu. "Ƙarfe ya fi ɗari, ruwa har cikin ɗaki."

"Wannan ai na fushi ne. Ba ka ga katanga yake kayarwa ba?"

Ridwan ya kasa haƙuri. "Ba ƙarfe ba ne, Baffa, bishiyoyi ne. An mayar da ɗorawa da kaɗanya gawayi, ga kuma hayaƙin da duniya take..."

"Ka ji ko?" Baffa ya juya wajen Musbahu. "Abin da nake tsoro ke nan. A ce masa sannu, ya buɗe aji."

Musbahu ya kwantar da kai kamar mai ba da fatawa. "Ango, ka koya daga wajena. Barkwanci ma kimiyya ne. Duk sirrinsa shi ne ka san inda za ka yi shiru."

Washegari bayan azahar suka isa Dangora. Zauren Malam Jibrin a share yake tas, alluna jingine da bango, a kusurwa kuma ga tankin feshi na goyawa da galan biyu. Ridwan ya cire takalmi, ya durƙusa, ya kafa ido a tabarma. Ya san bayan wancan labulen na tsakar gida akwai wadda ta tsaya tana sauraro.

Malam siriri ne, mai magana a hankali. Suka gama gaisawa da Baffa, sannan ya waiwayo.

"Samari, an zo lafiya?"

"Lafiya lau, Allah gafarta Malam."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

"Ya mutanen gida?"

"Suna lafiya, suna gaishe ku."

Komai na tafiya kamar yadda aka bita. Har Baffa ya fara sakin kafaɗa.

"Ya ruwa?"

Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san amsar wannan. Ko an shekara ba a yi ba, ko ya cinye maka gona, cewa ake yi ruwa ya yi gyara. Ridwan ma ya sani. Amma kullum mutum goma ke tsayawa a shagonsa su ce ya duba musu ruwa a waya, har hannunsa ya saba. Kafin hankalinsa ya iso, hannun ya riga ya shiga aljihu.

"Allah gafarta Malam, yau dai babu. Amma gobe wajen la'asar akwai shi, kashi tamanin cikin ɗari, da iska daga gabas."

Baffa ya shiga binciken carbinsa kamar yau ya fara ganinsa. Daga bayan labule aka ji wani ɗan sauti, irin na wanda ya toshe baki da mayafi.

"Tamanin," in ji Malam. Ya shafa gemu. "Cikin ɗari."

"E, Allah gafarta Malam."

"To, sauran ashirin ɗin fa? Su ne kuka bar wa Allah?"

Ridwan ya buɗe baki. Ya lalubi duk abin da ya taɓa karantawa, daga tauraron ɗan'adam har zuwa baitukan soyayya, bai samu ko kalma ɗaya ba.

"Ba komai," in ji Malam. "Ka dawo gobe bayan la'asar, mu ga tamanin ɗin naka."

Suka hau babur suka fito titi. Sai da suka tsaya Baffa ya ce, "Kalma huɗu, Ridwanu. Ruwa, ya, yi, gyara. Ɗan yaye ma ya iya. Gobe kai kaɗai za ka, ni na gama nawa."

Da yamma Ridwan ya kira Ramla. Ta ɗauka tana dariya, dariyar nan tata da yake ji kamar an buɗe taga a ɗaki mai zafi, amma yau sai ta soke shi.

"Da iska daga gabas," ta ce. "Injiniya, har da iskar ka haɗa masa?"

"Ramla, don Allah. Na rasa ki ko ban rasa ki ba?"

Dariyar ta tsaya. "Ban sani ba, wallahi. Baba bai ce komai ba, kuma shirunsa ba ya karantuwa. Abu ɗaya dai na sani, ya yi maka tambaya ba ka amsa ba. Shi ko ɗalibi ne ba ya ƙara masa karatu sai ya biya na jiya."

"To mece ce amsar?"

"Ni malamar firamare ce, ba na ba da satar amsa."

Laraba ta waye sama fes, shuɗiya kamar an wanke ta da sabulu. Ridwan ya duba waya ya fi sau talatin. Tamanin na nan daram, ba ta motsa ba. In ruwa bai zo ba, ya zama maƙaryaci a zauren Malam. In ya zo, yana nan dai a matsayin wanda ya yanka wa Ubangiji ashirin. Ko ta ina ya juya, Ramla nisa take ƙara yi.

Musbahu ya zo ya jingina da ƙofa yana shan rake. "Malam Tamanin, ya ruwa?"

"Musbahu, ka fita idona."

"Ni da na zo da shawara? Mu ɗauki abin nan a bidiyo. Ni ne Malam, kai ne kai. Wallahi sai mun kai Legas." Ya tofar da ɓawo. "Amma tsohon nan ya fi ni iyawa. Baffa ya ba ni labari kaf. Ka ji inda ya yi shiru kafin ya jefo ashirin ɗin? Shekara uku ina neman irin wannan shirun."

"Wai ku duk abin dariya ne a wajenku?"

"To kai me ya sa ka yarda da wayar nan haka? Ita ma ai hasashe take yi. Na'ura ta leƙa sama ta hango abin da ta hango, sauran ta ce ban sani ba."

Ridwan ya ɗago ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Musbahu ya ci gaba da shan rakensa, bai san ya faɗi komai ba.

Ana kiran la'asar gabas ta fara duhu. Kafin a sallame iska ta taso tana kwasar ledoji tana rataya su a wayoyin lantarki. Ridwan ya rufe shago ya hau babur. Bai yi nisa ba sama ta buɗe. Ruwa ne irin wanda ba ka ganin gabanka, hanya ta koma rafi, masarar da ke gefe tana ta sunkuyo tana miƙewa. Sau biyu taya ta zame, a na biyun ya sauka da gwiwa cikin taɓo. Da ya isa ƙofar Malam, farar shaddar da ya goge tun safe ta koma kalar kunun kanwa. Ya laluba aljihu. Wayar ta sha ta ƙoshi, fuskarta baƙi ƙirin.

Ya cire takalmi, ya durƙusa, ruwa na ɗiga daga hularsa zuwa tabarma.

"Samari, an zo lafiya?"

"Lafiya lau, Allah gafarta Malam."

Malam ya bar shi ya ɗan jira. Ruwa na dukan kwanon rufi.

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Madalla. Ashe ka iya." Wani abu ya motsa a gefen gemun Malam. "To, bashin karatun jiya fa?"

Ridwan ya gyara durƙuso. "Allah gafarta Malam, ɗarin duka nasa ne. Wayar leƙe kawai ta yi ta hango tamanin. Ashirin ɗin kuma jahilcinmu ne."

Malam ya yi shiru, irin shirun da Musbahu yake nema. Sannan ya nuna kusurwa, inda tankin feshi yake a bushe, galan biyu ba a ko buɗe su ba.

"Yau na yi niyyar fesa wa masarata maganin ciyawa. Da na ji tamanin ɗinka sai na fasa. Maƙwabcina Ɗanmaraya ya fesa nasa da azahar, yanzu haka maganin yana can rafi yana kashe ciyawar kifi." Ya gyara zama. "Gaisuwa daban, tambaya daban. Gaisuwa mun gama. Yanzu tambaya nake: jibi fa?"

Ridwan ya fito da wayar ya ajiye a tabarma. Ruwa ya tsiyayo daga ramin caji.

"Ta rasu, Allah gafarta Malam."

"Ikon Allah. Ta hango wa kowa, ba ta hango wa kanta ba."

Sai aka yi gyaran murya a bayan labule. Malam ya miƙa hannu ya karɓo wani kwano mai murfi, ya leƙa, ya ɗaga gira, ya turo shi gaban Ridwan.

"Daga cikin gida. Wai na wayarka ne. Ni dai ban gane ba, amma tunda za ka riƙa zuwa, wata rana ka yi mini bayani. Gajere."

Ridwan ya ɗaga murfin. Ɗanyar shinkafa ce, cike fal. Ya binne wayar a ciki da hannu biyu, a hankali, kansa a sunkuye don kada Malam ya ga fuskarsa. A bayan labule kuwa, mayafi ya kasa riƙe dariyar.